HORON DOKI A ƘASAR HAUSA: NAZARI DAGA UNGUWAR SHAHUCI A BIRNIN KANO

1.0 Gabatarwa

Shahuci unguwa ce a cikin ganuwar birnin Kano, ba ta da nisa da Gidan Rumfa da Babban Masallacin Juma'a. An san ta da sha'anin ilimi tun lokacin da aka buɗe makarantar alƙalai a cikinta a shekarar 1928, zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero. Saboda kusancinta da fada, mazauna unguwar sun saba ganin dawaki, musamman idan hawan salla ya gabato. Mai kallo yakan ga doki ya tsaya cik a tsakiyar taro, ana harba bindiga a gefensa, ana busa kakaki da algaita, amma bai ko motsa ba. Abin da ba ya gani shi ne aikin watanni ko shekaru da aka yi kafin dokin ya kai wannan matsayi. Wannan babi zai yi bayanin aikin, wato yadda ake horon duƙushi tun yana ƙasa ba a hau shi ba, har zuwa lokacin da za a ɗaura masa sirdi. Za a kuma dubi kalmomin da sana'ar ta bai wa harshen Hausa, da abin da malamin makaranta zai amfana da shi.

1.1 Ma'anar Horo

Kalmar horo tana da ma'ana biyu a Hausa. Akwai horo na koyarwa, kamar a ce an ba malamai horo, akwai kuma horo na hukunci, kamar a ce alƙali ya yi wa ɓarawo horo. Idan ana maganar doki, ma'ana ta farko ake nufi, wato a saba masa da mutum da kayan hawa da umarnin mahayi, har ya riƙa yin abin da ake so ba tare da tsoro ko gardama ba. Dokin da ya sami haka shi ne horarre. Mafi yawan ɓarnar da ake yi wa dawaki tana faruwa ne idan mai horo ya ɗauki ma'ana ta biyu a madadin ta farko.

2.0 Matsayin Doki a Tarihin Kano

Littafin Tarihin Kano ya nuna cewa Sarki Kanajeji (1390-1410) shi ne ya shigo da lifidi da sulke da kwalkwali, Sarki Muhammadu Rumfa (1463-1499) kuma shi ya fara fita da dawakin zage. Wannan ya nuna cewa tun ƙarni na 15 akwai masu sana'ar horon doki a Kano, domin ba a ɗora wa ɗanyen doki lifidi a shiga fagen fama da shi. Sarautu irin su Madaki da Sarkin Dawaki Mai Tuta da Sarkin Dawakin Tsakar Gida duk daga doki suka samo suna, Shamaki kuwa shi ke kula da bargar sarki.

Da Turawa suka ci Kano a 1903, aikin doki na yaƙi ya ƙare, sai na ado da sarauta ya rage. An yi babbar daba a Kano a 1913, aka sake yi a 1925 domin ɗan Sarkin Ingila. A al'adar masarautar, bayan hawan idi akan yi Hawan Daushe da Hawan Nassarawa, sannan Hawan Ɗorayi a ƙaramar salla, Hawan Fanisau a babba. A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan dabar Kano cikin jerin al'adun gado na duniya. Ke nan, duk da cewa mota ta karɓe aikin sufuri, buƙatar horarren doki ba ta kau ba.

2.1 Inda Ake Samun Duƙushi

Bahaushe ba ya fita hawa a kan goɗiya, ingarma ake hawa, kuma ba a cika fiɗiye shi ba. Don haka kiwon goɗiya na mutanen karkara ne, birni kuwa sayen duƙushi yake yi. Akan kawo dawaki daga Barno da Nijar da Cadi da Sudan, wasu ta kasuwannin kan iyaka irin su Maigatari. Dawakin wannan yanki suna da jini biyu, na dokin Arewacin Afirka da na dokin Dongola ta ƙasar Sudan. Ba sa yaɗuwa sosai zuwa kudu saboda ƙudan tsando mai sa ciwon sammore.

Wannan yanayi yana da tasiri a kan horo. Duƙushin da aka sauke a Shahuci ya tashi ne a fili, bai san lungu ba, bai san kwalta ba, bai taɓa jin ƙarar babur a bayansa ba. Ga shi kuma namiji ne mai jin ƙarfi, wanda zai zauna kusa da wasu maza irinsa. Aikin mai horo a birni ya fi na ƙauye wuya ta wannan fuska.

2.2 Shekarun Fara Horo

Goɗiya takan yi wata 11 da ciki, ɗan da ta haifa kuma yakan miƙe tsaye cikin sa'a ɗaya ko biyu. Saurin girmansa yakan ruɗi mutane su zaci ya isa hawa. Masu doki suna gane shekaru ta haƙori: haƙoran nono na gaba na tsakiya sukan faɗi a shekara biyu da rabi, na kusa da su a uku da rabi, na gefe a huɗu da rabi, sai baki ya cika a shekara biyar. Likitocin dabbobi sun tabbatar da cewa ƙasusuwan ƙafa ne ke fara ƙwari, ƙashin baya ne na ƙarshe, ba ya gama ƙwari sai wajen shekara biyar da rabi zuwa shida. A kan wannan ƙashin ne kuwa sirdi ke zama. Saboda haka horon ƙasa ana iya fara shi tun ana yaye, hawa marar nauyi a jira shekara uku, aiki mai tsanani kamar sukuwa da zamiya kuma a dakata sai doki ya kusa cika baki. A shahararriyar makarantar hawan doki ta birnin Biyana a ƙasar Ostiriya, sai ingarma ya kai kimanin shekara huɗu ake fara masa karatu.

3.0 Horon Ƙasa

Kafin a shiga matakan horo, ya kamata a san halin dabbar. Doki a daji abin farauta ne, makaminsa na farko gudu. Idanunsa suna gefen kai, yana ganin kusan duk abin da ke kewaye da shi, sai dai ba ya ganin abin da ke bayansa daidai wutsiya, da wanda ke dab da goshinsa. Wannan ne ya sa ake zuwa masa ta kafaɗa, ana yi masa magana, kuma ake hana yara bin bayansa. Yana koyo ne ta hanyar matsi da saki: a ja shi kaɗan, da zarar ya bi sai a sassauta. Sakin nan shi ne ladansa, kuma shi ke gaya masa ya yi daidai. In aka ci gaba da ja bayan ya bi, to ba a koya masa komai ba.

3.1 Sabo da Hannu

Matakin farko shi ne duƙushi ya yarda da mutum. Yaron doki, wato wanda ke ba shi dusa da harawa da ruwa, shi ne malaminsa na farko. Yakan shafa wuyansa da kafaɗa, a hankali ya gangara zuwa baya da ciki da ƙafafu, har dokin ya yarda a ɗaga masa kofato a duba. Dokin da bai saba da wannan ba yakan zama mai harbi, kuma ranar da ya yi ciwo ba mai iya yi masa magani.

3.2 Ragama da Turke

Ragama ita ce igiyar da ake sa wa doki a kai ba tare da ƙarfe a baki ba. Da ita ake koya masa bi da tsayawa da ja da baya. Daga nan sai turke. A gidajen cikin birni inda fili ya yi ƙaranci, doki yakan shafe mafi yawan yini a ɗaure, don haka dole ya koyi tsayuwa cikin natsuwa. Ana farawa da ɗan lokaci, mutum yana kusa. Idan aka ɗaure ɗanyen duƙushi aka tafi, yakan firgita ya yi ta fizga har ya ji wa kansa ciwo a wuya ko a ƙafa. Haka ma dabaibayi, da igiya mai laushi ake fara shi, a kan ƙasa mai yashi.

3.3 Ja da Kewaye

Bayan ya saba da ragama, sai a riƙa jan sa a hannu safe da yamma. Inda aka sami fili, akan yi masa talala da doguwar igiya, mai horo yana tsakiya, dokin yana kewaya shi. A nan yake koyon muryar mai shi, ya san sautin da ke nufin tafi da wanda ke nufin tsaya. Ana juya shi dama da hagu daidai wa daida don kada gefe ɗaya ya fi ɗaya ƙarfi. Minti 15 zuwa 20 sun isa, saboda kewaye yana gajiyar da gaɓoɓin ƙaramin doki, hankalinsa kuma ba ya jure dogon darasi.

3.4 Sabo da Ƙara da Taro

Wannan shi ne matakin da ya fi muhimmanci ga dokin Kano. Ranar hawa zai haɗu da tambari da kakaki da bindiga da guɗar mata da laima da dubban mutane. Ba a kai shi cikin wannan rana ɗaya. Da farko a tsayar da shi nesa da inda ake kiɗa, gobe a matso, jibi a ƙara matsowa. Mai horo a unguwa irin Shahuci yana da makaranta a ƙofar gida: akan fito da duƙushi da asuba lokacin da titi ba kowa, daga baya a fito da shi da hantsi sa'ad da babura da 'yan makaranta suka cika hanya. Dabara mafi sauƙi ita ce a haɗa shi da tsohon doki mai natsuwa. Doki dabbar garke ce, in ya ga na gaba bai tsorata ba, shi ma yakan kwantar da hankali.

4.0 Horon Sirdi

4.1 Linzami

A bakin doki akwai gurbin da ba haƙori, tsakanin haƙoran gaba da turame. A nan linzami ke zama, a kan dasashi mai taushi. Linzamin gargajiya na Hausa yana da zobe da ke kewaye haɓa da kuma harshe da ke taɓa ganɗa, don haka yana da ƙarfi ƙwarai. An ƙera shi ne domin mayaƙi ya tsayar da doki nan take da hannu ɗaya. A hannun gwani taɓawa kaɗan ta isa, a hannun ɗan koyo kuwa yana fasa baki. Shi ya sa ake fara wa duƙushi da ƙaramin linzami marar kaifi, a sa masa na ɗan lokaci ya tauna ya saba, ba a ja ba. Wasu sukan yi hawan farko da ragama kawai.

4.2 Ɗaura Sirdi

Akan fara da zubuka, wato shimfiɗar da ke ƙarƙashin sirdi. A bar shi ya sansana ta, a ɗora, a sauke, a maimaita. Sannan a ɗora sirdi. Abin da ya fi tayar wa duƙushi hankali shi ne majayi, domin bai taɓa jin an matse masa ciki ba. Don haka ba a ɗaure shi tamau a karo ɗaya. A ja kaɗan, a zaga da dokin, a ƙara ja. Akan yi kwanaki ana jan sa da sirdi ba kowa a kai, likkafu suna reto suna taɓa haƙarƙarinsa. Sirdin Hausa yana da ƙashin itace da tudu gaba da baya, yana riƙe mahayi sosai, amma in bai dace da bayan dokin ba yakan yi masa gyambo. Wajibi ne a duba baya duk lokacin da aka kwance sirdi.

4.3 Hawan Farko

Mutum biyu ke yin wannan aiki, ɗaya ya riƙe ragama, ɗaya ya hau. Akan zaɓi yaro marar nauyi wanda ya iya zama. Da farko zai sa ƙafa a likkafa ta gefen hagu ya sauke, sannan ya kwanta da ciki a kan sirdi, sai an ga dokin bai damu ba zai ɗaga ƙafa ya zauna. A ranakun farko mahayin kaya ne kawai, na ƙasa ke ba da umarni. A hankali umarnin zai koma hannun na sama: matsa ƙafa na nufin tafi, jan kamazuru na nufin tsaya, karkata shi na nufin juya. In an yi horon ƙasa da kyau, hawan farko yakan wuce ba tare da tutsu ba.

4.4 Kilisa

Kilisa ita ce fita da doki domin motsa jini. A nan ake koya masa tafiya, sannan sassarfa, daga ƙarshe sukuwa. Tsarin yana da dalili, domin dokin da aka fara wa da sukuwa yakan ɗauka cewa hawa gudu ne, ba zai ƙara yarda ya yi tafiyar taƙama ba, alhali ita ake buƙata a jerin gwanon hakimi. Dawakin Hausa ba a cika yi musu takalmin ƙarfe ba, kwalta kuwa tana cin kofato tana kuma da santsi. Saboda haka mai doki a cikin birni yakan ja shi ko ya tafi da shi a hankali har bayan gari, inda akwai yashi, kafin ya sake shi. Bayan an dawo ba a ba shi hatsi ko ruwa mai yawa sai ya huce. Tumbinsa ƙarami ne kuma ba ya iya amai, don haka ciwon ciki yana saurin kashe shi.

4.5 Zamiya da Jafi

Ƙololuwar horon dokin sarauta ita ce zamiya, wato a taho a sukwane a tsaya cak, dokin ya tattara ƙafafun baya a ƙarƙashinsa. Da ita ake yin jafi a gaban sarki a Ƙofar Kudu ranar Hawan Daushe. Ana koyar da ita daga ƙasa zuwa sama: tsayawa daga tafiya, sannan daga sassarfa, sai a ƙarshe daga sukuwa. Haka nan rawa da tabarya, ba a neman su wurin dokin da bai gama ƙwari ba, saboda nauyin duka yana komawa kan gaɓoɓin baya.

5.0 Kurakurai da Sakamakonsu

Kuskure na farko gaggawa ce. Mutum ya sayi duƙushi saura wata ɗaya salla, yana son ya fita da shi. Irin wannan doki shi ke zabura cikin taro ya tattake mutane ko ya kayar da mahayi. Na biyu shi ne duka a kan tsoro. Doki yana danganta hukunci ne da abin da ya faru a cikin daƙiƙoƙin nan kawai. In ya tsorata da mota aka zabga masa bulala, abin da ya koya shi ne mota tana zuwa da zafi, gobe tsoronsa zai ninka. Na uku shi ne yawan jan linzami da sukar ƙaimi, wanda ke kashe baki har doki ya daina jin umarni, ko ya koma turjiya. Na huɗu shi ne yawan hannu, yau wannan ya hau, gobe wancan, kowa da irin umarninsa. Wannan ya yawaita a hawan angwanci da kilisar samari a kan tituna, abin da hukumomi a Kano suka sha taƙaitawa saboda haɗari. Ba yau aka gano waɗannan abubuwa ba. Tun ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), Zenofon na ƙasar Girka ya rubuta littafi a kan hawan doki inda ya yi gargaɗi a kan hora shi cikin fushi.

6.0 Doki a Harshen Hausa

Kalmar doki kanta abin nazari ce. In an faɗe ta da karin sama-ƙasa dabba ce, in an faɗe ta da ƙasa-sama kuwa ɗokin abu ba a nufi ba, domin wannan da ɗ mai lanƙwasa ake rubuta shi, kuma ɗalibai sukan gauraya su a rubutu. Jam'inta dawaki yana nuna cewa asalin saiwar tana da w, wadda ta narke a tilo. Sirdi da linzami da likkafa kalmomin aro ne daga Larabci, abin da ke nuna hanyar da kayan suka biyo. Akwai sunaye na launi, kamar akawal da kili da danda da bikili da hurde da gunya. Akwai kuma maganganun da suka bar barga suka shiga harshen yau da kullum: riƙe ragamar mulki, ja linzami, ƙara ƙaimi, likkafa ta ci gaba, yi wa mutum talala, matsala ta dabaibaye shi. Yaron da bai taɓa ganin likkafa ba zai haddace maganar, amma ba zai gane hikimarta ba. Malamin Hausa a Kano yana iya kai ɗalibansa bargar wani mai doki da izini, su ga kayan, su rubuta sunayensu daga bakin masu sana'ar.

7.0 Darasi ga Malamin Makaranta

Ɗan Adam ya fi dabba daraja da hankali, amma wasu ƙa'idojin koyo sun haɗa su. Mai horon doki yana farawa daga sauƙi zuwa wuya, ba ya tsallake mataki, yana gajarta darasi, yana maimaitawa, yana kuma nuna yarda nan take in an yi daidai. Ya san cewa tsoro yana toshe koyo. Waɗannan su ne abubuwan da ake koya wa ɗalibin kwalejin ilimi a darasin dabarun koyarwa. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, sai dai wanda ya tanƙwara da ƙarfi yakan karya.

8.0 Kammalawa

An ga yadda horon doki ya kasu gida biyu, na ƙasa da na sirdi, da yadda na biyun ya dogara ga na farko. An kuma ga cewa shekarun doki da halinsa da yanayin birni su ke tsara matakan. Sana'ar tana hannun dattawa da yaran barga, ba a rubuce take ba, kalmominta kuma suna raguwa a bakin matasa. Tattara su da koyar da su aiki ne da ya hau kan malamin Hausa.

Tambayoyi

1. Bayyana ma'anoni biyu na kalmar horo, tare da misali a cikin jimla.
2. Me ya sa ba a so a fara sukuwa da zamiya da dokin da bai cika baki ba?
3. Kawo matakai huɗu na horon ƙasa, ka yi bayanin biyu daga ciki.
4. Kawo maganganu biyar na yau da kullum da suka samo asali daga kayan doki, ka faɗi ma'anar kowace.
5. Tsara darasi na minti 40 a kan kayan doki domin aji biyu na ƙaramar sakandare.